Anti, ko busasshen itace yana sake tofo?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce daga ƙasar Daura, shekarata 43, 'ya'yana bakwai. Kafin a yi mini aure na sauke Alƙur'ani, na haddace izu ashirin, kuma nakan tashi tsakar dare in yi nafila har hawaye su jiƙa mini hijabi. Da aure ya zo, daga ciki sai goyo, daga goyo sai ciki. Shekara huɗu da suka wuce uwar mijina ta samu shanyewar ɓarin jiki, aka dawo da ita wurinmu. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Yanzu haddar ta zube, abin da ya rage bai kai izu uku ba. Salla ban bari ba, amma in na kabbarta hankalina yana kan tukunya, hawayen nan kuwa sun ƙafe. Kwanaki ina karanta Tabaraka 'yata ta uku ta gyara mini, na shige ɗaki na kasa fitowa don kunya. Ƙawayen da muka yi Islamiyya tare yanzu malamai ne, su ake gayyata wa'azin mata. Na ji wani mai wa'azi a rediyo yana cewa babu zunubin da ya kai mutum ya haddace Alƙur'ani ya mance, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Gwaggona ta ce sammu ne, in zo ta kai ni wurin wani mai magani a yi mini wanka a gindin tsamiya. Ban je ba, amma zuciyata ta fara raya mini. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kuwa gani nake an sare ni tun tuni, kututture ne kawai ya rage. Anti, zuciyata mutuwa ta yi? Busasshen itace yana sake tofo?

Wata uwa, daga Daura

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiyar gida. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa abin da ya same ta ya zama kaffara.

Bari in amsa tambayarki tun kafin zance ya yi nisa, don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba. Zuciyarki ba ta mutu ba. Wadda zuciyarta ta mutu ba ta rasa barci don aya ta zube mata, ba ta ɓuya a ɗaki don ta yi tuntuɓe a Tabaraka, ba ta kuma zama ta rubuto wasiƙa irin wannan.

Ke kika kawo zancen itace, na kuwa ji daɗi da kika kawo shi, domin Alƙur'ani ma da itace ya misalta imani. Sai dai ina ganin kin auna kanki da itacen da ba naki ba. Tunda 'yar ƙasar Daura ce ke, ba sai an kwatanta miki gawo ba, amma ki bar ni in tuna miki halinsa. Da ruwan farko ya sauka, duk itacen da ke daji sai ya shiga ado. Kuka ta rufe jikinta da ganye, tsamiya ta yi lif, ko sabara da geza sun yi shar. A daidai lokacin ne gawo yake kakkaɓe nasa. Ana tsakiyar marka, ko'ina kore, shi yana tsaye furu-furu, daga ƙaya sai rassa. Baƙon da bai san shi ba zai rantse matacce ne, ya je neman gatari. Manomi kuwa ya san abin da ake ciki. Ganyen da ya zuba ya zama taki, rana tana ratsa rassan ta isa ga shuka, shi ya sa geron gindin gawo yake fin na sauran gonar tsawo da kaurin zangarniya. A gindin mangwaro ko darbejiya hatsi ba ya yin kirki, inuwa ta danne shi. A gindin gawo kuwa nan ne albarkar gonar take taruwa. Sai an kusa girbi, iska ta juya, sauran itatuwa sun fara zubar da nasu, sannan shi yake fitar da ganye. Cikin tsananin rani, lokacin da makiyayi ya rasa abin da zai ba dabba, gawo ne mai inuwa, shi ne mai jajayen 'ya'yan nan masu lanƙwasa da awaki da raƙuma ke rububi, har a tara su a buhu a kai kasuwa. Abin da ya ba shi wannan iko yana ƙarƙashin ƙasa. Tun yana ƙarami ba ya gaggawar tsawo, nutsawa yake yi, saiwarsa tana bin ruwa har ta kai inda rijiya ke kaiwa.

Shekarun nan da kike kuka da su, su ne daminar gidanku. Yara bakwai suka tsiro a gindinki. Tsakar daren da kike tashi nafila, shi ne kika koma tashi shayarwa. Bakin da ke tilawa shi ya koma rarrashi da koya wa yaro Bismillah kafin ya kai loma. Ganye ya zube, ban musa miki ba, kuma asara ce da ta cancanci a ji zafinta. Amma ki dubi inda ya faɗa. Yarinyar da ta gyara miki Tabaraka, a bakin wa ta fara jin Fatiha? Wa ke tashinta da asuba, wa ke wanke mata hijabin makaranta, wa ya hana ta talla don ta zauna gaban malam?

Kada dai ki ɗauka ina cewa ki naɗe hannu ki jira. Gawo yana komawa ganye da kansa in lokacinsa ya yi. Ɗan Adam kuwa sai ya yi niyya, sai ya tashi. A nan ne zancen kututturen da kika kira kanki da shi ya shigo, kuma maƙwabtanku na tsallaken iyaka suna da labari a kansa.

Bayan farin da ya addabi yankinmu a shekarun 1970, gonakin ƙasar Maraɗi sun zama fili fetal. An yi ta kawo ƙananan itatuwa ana dasawa, mafi yawa suna mutuwa: ga zafi, ga iska mai yashi, ga awaki, ga gara. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin, ya tsaya a hanya ya dubi ɗaya daga cikin 'yan cunkus ɗin ganyen nan da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sarewa a ƙone duk shekara wajen sassabe. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce. Tofon itatuwan da aka sare ne tun shekaru, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa, kowace shekara tana yunƙurin tasowa, kowace shekara ana datse ta. Maganin bai buƙaci kuɗi ba. Manomi ya zo gindin kututture, ya dubi tofon da suka fito barkatai, ya zaɓi kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya yanke sauran, ya kare su daga wuta da bakin dabba. Da yake saiwar tsohuwa ce, babba, wadda ta riga ta san hanyar ruwa, sai itacen ya tashi da saurin da sabon dashe ba zai taɓa yi ba. Manoman Maraɗi da na Damagaram, musamman wajen Magarya da Matamaye da Mirya, suka rungumi abin, gona ta koya daga gona. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a faɗin hekta kusan miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, kuma a ɓangaren Damagaram gawo ne ya fi yawa a cikinsu.

Saboda haka in kin nace ke kututture ce, ban ƙi ba, amma irin wannan. Izu ashirin da kika zuba a ƙirjinki kina budurwa ba su tafi ko'ina ba gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa komawa kan tsohuwar hadda ya san haka: shafin da ya ci masa mako a karon farko, a karo na biyu kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi, sai ya ji harshe yana riga shi zuwa ƙarshen aya. Karin maganar da kika kawo ta icce ɗanye, ta tarbiyyar yaro ce. An riga an tanƙwara ki tun kina ɗanya, kuma ta wajen alheri aka tanƙwara ki.

Yanzu mu koma ga ma'aunin da Allah ya ba mu. A Suratu Ibrahim, aya ta 24 da ta 25, Allah ya buga misalin kalma mai kyau da itaciya mai kyau, tushenta tabbatacce, reshenta a sama, tana ba da 'ya'yanta kowane lokaci da izinin Ubangijinta. An ruwaito daga Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, cewa kalmar ita ce La'ilaha illallah, itaciyar kuma mumini ne. To, ki auna kanki a nan. Tushe: cikin haihuwa bakwai da jinya ba ki bar salla ba, kuma da aka kira ki gindin tsamiya wani abu a cikinki ya riƙe ƙafarki. 'Ya'ya: akwai tsohuwar da ba za ta iya kai cokali bakinta ba, kullum tana ƙoshi ta hannunki. Daɗin ibada da zubar hawaye kyauta ce mai tsada, kuma ina roƙon Allah ya mayar miki da ita, amma ba ita aka ce a auna ba. Mu mata da yawa a nan muke cutar da kanmu, muna auna kusancinmu da Allah da abin da muke ji a ƙirji. Abin da ake ji kuwa yana bin barci, yana bin ƙoshi da yunwa, yana bin jinin jiki.

Na san mai karatu irinki za ta ce, ai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da itacen da ganyensa ba ya zuba ya misalta Musulmi. Haka ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ya raya a ransa dabino ne, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, ga Abubakar da Umar sun yi shiru, sai ya ji kunya. Annabi ya ce dabino ne. Malamai sun yi bayanin kamar da cewa alherin dabino ba ya yankewa, kuma babu abin yarwa a jikinsa, daga 'ya'ya zuwa ganye zuwa kututture. Shi ma mumini haka, a kowane hali akwai amfanin da ake samu daga gare shi. Ba a ce ba ya gajiya ba. Domin Annabin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya misalta mumini da ɗanyar shuka wadda iska ke kwantar da ita ta wannan gefe da wancan, sannan ta miƙe, ya misalta munafuki da ƙaton itace mai tauri da ba ya ko motsi har ranar da za a tumɓuke shi gaba ɗaya. Kwanciyar da kike ciki yanzu tana cikin siffar mumini.

Ki kuma riƙe ƙarshen labarin Abdullahi, domin naki ne. Da suka tashi ya gaya wa mahaifinsa cewa shi fa ya san amsar, sai Umar ya ce da ya faɗa, da ya fi masa kaza da kaza daɗi. Umar ke nan, bai ji ƙasƙanci ba don ɗansa ya gano abin da manya suka yi shiru a kai. 'Yarki ba tona miki asiri ta yi ba, ƙanwata.

Kuma kukan nan da kike yi, wanda ya fi mu ya riga ki yin sa. Muslim ya ruwaito cewa Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, ya haɗu da Abubakar ya ce masa Hanzala ya yi munafunci. Da aka tambaye shi dalili, ya ce in suna gaban Annabi yana tuna musu wuta da aljanna kamar suna gani da ido, amma in suka koma cikin mata da 'ya'ya da dukiya sai su mance da yawa. Abubakar ya ce wallahi shi ma yana samun haka. Suka tafi wurin Annabi, ya ce musu da za su dawwama a kan halin da suke ciki a gabansa, da mala'iku sun yi musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, amma ya Hanzala, lokaci da lokaci. Sau uku ya maimaita. In Abubakar Siddiƙu yana jin bambanci tsakanin majalisin Annabi da tsakar gidansa, to mai jinya da yara bakwai ba ta da dalilin yanke wa kanta hukuncin mutuwar zuciya.

Maganar mai wa'azin rediyo ta ɓata mini rai, domin irin wannan magana ana sakinta a iska ba a san kunnen wa za ta faɗa ba. Hadisin da ake kafa hujja da shi yana cikin littattafan Abu Dawuda da Tirmizi, amma Tirmizi da kansa ya ce ya ambata wa malaminsa Bukhari shi, Bukhari bai san shi ba, kuma malaman hadisi da dama sun raunana shi. Ko malaman da suka tsananta a kan mance Alƙur'ani, da mai sakaci da wofintarwa suke, ba da wadda uzuri ya rinjaya ba. Abin da ya inganta shi ne Annabi ya umarce mu mu riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayi. Ya kuma inganta daga Nana A'isha cewa ya ji wani mutum yana karatu da dare, ya ce Allah ya ji ƙansa, ya tuna masa ayar da aka mantar da shi. Daga bakinta kuma aka ruwaito cewa mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wahala, lada biyu gare shi. Ke yanzu a sahun masu lada biyu kike. Ki yi barcinki.

Gwaggo kuwa ƙauna ce ta sa ta magana, ki yi mata godiya, ki ce mata kina neman magani ta wata hanya. Amma kada ki je. Itace aya ce da ake kallo a yi tunani, ba wurin neman biyan buƙata ba ne. A hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci sun ga itaciyar da mushirikai ke rataya makamansu don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ, suka roƙi Annabi ya sanya musu irinta. Ya ce sun faɗi irin abin da mutanen Annabi Musa suka faɗa, da suka ce a sanya musu abin bauta kamar yadda wasu ke da shi. Tsamiya ta kunu ce da inuwa. In tsoron sammu ya taso miki, ga Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki karanta ki tofa a tafin hannu ki shafe jiki kafin barci kamar yadda Annabi yake yi. Ni dai da na karanta wasiƙarki ban ga sammu ba. Na ga macen da ta shekara huɗu ba ta yi barci ya ishe ta ba.

Ƙawayenki malamai, ba zan lallashe ki da cewa su giginya ne, na nesa ke shan inuwarsu ba. Ban san gidajensu ba, kuma karantar da mata aiki ne babba da muke buƙata. Allah ya ƙara musu. Ki yi musu addu'a da sunayensu, yana wanke ƙirji. In akwai wadda kuka shaƙu, ki gaya mata halin da kike ciki, mai yiwuwa ita ce za ta riƙa sauraron haddarki ta waya.

Sai aikin zaɓen tofo. Kuskuren da nake jiye miki shi ne ki gama karanta wannan ki ɗaura ɗamarar dawo da komai lokaci guda: tahajjud, azumin Litinin da Alhamis, izu guda kullum. Kwana kaɗan za ki yi ki faɗi, sannan Shaiɗan ya ce miki ai dama na gaya miki kin mutu. Kututturen da aka bar wa tofo talatin cunkus yake zama, ba ya zama itace. Annabi ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ki zaɓi salla ɗaya a yini, wadda gidan ya fi yin shiru a lokacinta, Asuba ko Isha'i, ki sauke tukunya kafin ki kabbarta, ki ja ƙofa, ki ba ta haƙƙinta a natse. Sauran huɗun ki yi su a kan lokaci, kada ki tsaya tuhumar kanki a kansu. Tashin dare ki ajiye shi tukuna, ki yi wutirinki kafin ki kwanta, ai Annabi ya yi wa Abu Huraira wasiyya da haka.

Karatu kuma ki fara daga abin da ya rage, kada ki fara daga abin da ya zube. Izu ukun nan ki ƙarfafa su har su zauna daram, sannan ki riƙa ƙara aya biyar, ko rabin shafi in ya yi sauƙi. Ki kira yarinyar nan da kanki ki ce mata, daga yau bayan Magariba ke za ki riƙa riƙe mini Alƙur'ani. Za ki ji nauyi a daren farko. Amma yarinyar da ta ga uwarta mai shekara 43 ta zauna tana maimaita aya har ta zauna mata, ta koyi abin da babu Islamiyyar da za ta koya mata, kuma ranar da ita ma rayuwa ta kwantar da ita za ta san ana tashi. In da hali ku yi zaman a ɗakin Inna. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa tana ji tana fahimta ko da baki ya yi nauyi, kuma kaɗaici yana cin majinyaci kamar yadda ciwo ke cin sa.

Na uku addu'a ce, kuma kamar don ke aka ajiye ta. A Suratul Ahƙaf, aya ta 15, bayan Allah ya ambaci uwa da wahalar ciki da haihuwa da yaye, sai ya kawo mutumin da ya kai cikar ƙarfinsa, ya kai shekara arba'in, yana roƙon Ubangijinsa ya kimsa masa godiyar ni'imar da ya yi masa shi da iyayensa, ya sa ya yi aikin ƙwarai da zai yarda da shi, ya kyautata masa zuriyarsa, sannan ya ce ya tuba, yana cikin Musulmi. Kin ga Alƙur'ani bai ɗauki arba'in a matsayin lokacin rufe littafi ba. Ki haddace ta ko ki sabunta ta, ki riƙa yin ta a sujada. Waɗannan ukun sun isa. In kin ga sun kama ƙasa bayan wasu watanni, sai ki ƙara.

Amma duk wannan ba zai tsaya ba in ba a taɓa abin da ke datse ki kullum ba, kuma a nan zan yi magana ba kwana-kwana. Jinyar Inna wajibin 'ya'yan da ta haifa ne, maza da mata. Abin da kike yi kyautatawa ce mai girman lada, kuma ba na so ki bari, amma ba ke kaɗai aka ɗora wa ba. Majinyacin da ba ya iya motsa kansa ana so a riƙa juya shi wajen kowace awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ki lissafa wannan a shekara huɗu, ga girki, ga yara. Babu jikin da zai ɗauka shi kaɗai bai karye ba. Ki samu maigida a lokacin da ya ci ya huta, ku biyu kawai. Kada ki fara da ƙorafi a kan 'yan'uwansa, zai tashi kare su ne. Ki ce masa kina son ki ci gaba da kula da Inna yadda ya kamata, amma ƙarfinki ya fara gazawa. Sannan ki faɗi abin da kike so a fili, domin in kin ce a taimaka kawai, za a ce to, a wuce. Ki ce ƙannensa mata su riƙa karɓar kwana biyu a mako, ko 'yan'uwan su haɗa kuɗi a ɗauko mai taya ki, manyan yaranku su karɓi juyin dare bi da bi, shi kuma ya riƙa ba mahaifiyarsa abincin dare da hannunsa. Wannan na ƙarshen ma gata kika yi masa, aljannarsa ce a kwance a ɗakin nan.

Ki kuma je asibiti, ba don Inna ba, don kanki. Macen da ta haihu bakwai tana iya yawo da ƙarancin jini shekara da shekaru ba ta sani ba, kuma alamarsa ke nan: kasala, rashin tattara hankali, mantuwa. A auna jininki, a duba hawan jini da sukari. A shekarunki kuma jiki yakan fara sauye-sauyen da ke zuwa kafin ɗaukewar al'ada, su ma suna taɓa barci da yanayin zuciya. Ki gaya wa likita gaskiya game da barcinki. In kuwa kin lura ba salla kaɗai ba, komai ma ya daina yi miki daɗi, abinci, hira, wasan yara, har ya wuce mako biyu a haka, ko kina jin gara ma ki mutu ki huta, to ki faɗa masa wannan ma da bakinki, kada ki ɓoye. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, yana kama masu jinya da yawa, yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne.

Ki fara da maganar maigida cikin makon nan, asibiti ya biyo baya, zaman Magariba da 'yarki kuwa ko yau kina iya farawa. In kin yi masa magana bai saurara ba, kada ki yi fushi ki haɗiye. Ki sake rubuto mini, mu duba wanda yake jin nauyinsa a cikin manyan gidan, a bi ta nan.